Kashi na Bakwai: Tarihin Gidan Niƙa na Barbegal

1.0 Gabatarwa

A kudancin ƙasar Faransa, a karkarar wani ƙauye da ake kira Fontvieille, kusa da birnin Arles, akwai wani kufai a jikin gangaren dutse wanda mai wucewa zai iya ɗaukar sa ragowar wata tsohuwar matakala. Wannan kufai shi ne gidan niƙa na Barbegal, wanda Rumawa suka gina a ƙarni na 2 Miladiyya, wato kimanin shekara 1,900 da suka shuɗe. Injin niƙa goma sha shida ne a cikinsa, kuma babu ko ɗaya da hannun mutum ko wuyan dabba ke juyawa. Ruwa ne yake yin aikin baki ɗaya.

Babu wani rubutu na marubutan Rum da ya iso ga mutanen yau wanda ya ambaci wannan wuri. Katakon da aka yi injinan da shi ya ruɓe tun da daɗewa, masu aikin kuma ba su bar sunayensu ba. Duk abin da aka sani game da Barbegal an tsinto shi ne daga duwatsun ginin da tarkacen da aka tono a cikinsa. Sau uku masana suka karanta wannan shaida, kuma kowane karatu ya gyara wanda ya gabace shi. Wannan darasi zai bi diddigin tarihin gidan niƙan, da kuma yadda aka yi aka san tarihin, domin ɗalibi mai shirin zama malami ya ga yadda ake gina bayani a kan hujja.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi ya iya:

i. bayyana hanyoyin niƙa da aka sani kafin injin ruwa;
ii. siffanta tsarin gidan niƙa na Barbegal da yadda yake aiki;
iii. kawo matakai uku da binciken masana ya bi a kan wurin;
iv. bambance tsakanin tabbatacciyar hujja da hasashe a cikin rubutun tarihi;
v. amfani da kalmomin fannu na Hausa wajen bayyana aikin na'ura.

3.0 Ƙunshiyar Darasi

3.1 Niƙa Kafin Injin Ruwa

Duk al'ummar da hatsi ne abincinta tana fuskantar matsala guda a kowace safiya, wato yadda za a mayar da ƙwaya ta zama gari. Hanya mafi daɗewa ita ce ta dutsen niƙa da ɗansa, inda mai niƙa kan durƙusa tana turawa tana jawowa. Ɗalibin Hausa ya san wannan dutse, ya kuma san waƙoƙin niƙa da mata kan rera domin rage wa kansu nauyin aikin. Irin dutsen ne mutanen Masar da na Girka suka yi amfani da shi tsawon dubban shekaru. Daga baya aka samu dutse mai juyawa, inda ake ɗora faifan dutse a kan wani faifan, a riƙa juya na sama da mariƙi. Rumawa sun ƙara girman wannan dutse har ya zama sai jaki ko doki ko bawa ne ke zagayawa da shi. Ana ganin irinsa har yau a gidajen burodin birnin Pompeii, wanda aman wutar dutse ya binne a shekarar 79 Miladiyya.

Injin niƙa mai aiki da ruwa ya bayyana a ƙasashen Bahar Rum tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Strabo, masanin labarin ƙasa, ya ambaci wani a fadar Sarki Mithridates da ke Cabira, a cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Vitruvius, masanin gine-gine na Rum, ya bayyana yadda ake haɗa shi a littafi na goma na aikinsa kan fasahar gini, a ƙarni na 1 kafin Miladiyya. Haka kuma wani mawaƙin Girka mai suna Antipater na Tasalonika ya yi gajeruwar waƙa a kansa, kuma mata masu niƙa ya fuskanta da ita, yana yi musu albishir da hutu. Wannan ya nuna cewa tun farko mutane sun fahimci wanda injin zai sauke wa kaya.

Sai dai injin yana da tsada. A dokar ƙayyade farashi da Sarki Diocletian ya fitar a shekarar 301, an sa kuɗin dutsen niƙa na hannu dinari 250, na jaki 1,250, na doki 1,500, na ruwa kuwa 2,000. Wannan kuɗin injin ne kaɗai, ban da ɗawainiyar jawo ruwan zuwa inda ake bukatarsa. Saboda haka duk wanda ya jera irin wannan inji har goma sha shida a wuri guda, lallai yana da jari mai yawa da kuma kasuwar da ya tabbata za ta saye garin.

3.2 Muhallin Barbegal

Birnin Arles, wanda Rumawa ke kira Arelate, yana bakin kogin Rhone ne, ba nisa da inda kogin ke shiga Bahar Rum. A shekara ta 46 kafin Miladiyya Yuliyas Kaisar ya zaunar da tsofaffin sojojinsa a can, birnin ya bunƙasa ya zama babbar tashar jiragen ruwa. Tun kafin wannan lokaci, janar ɗin Rum mai suna Marius ya sa an haƙa wata mashigar ruwa wadda ta haɗa birnin da teku, a daidai inda garin Fos yake a yau. Ta haka Arles ya zama mahaɗar jiragen kogi da na teku.

A arewa maso gabashin birnin akwai jerin tsaunuka da ake kira Alpilles. Tsaunukan na dutsen farar ƙasa ne, kuma akwai maɓuɓɓugan ruwa a gindinsu. Daga nan Rumawa suka jawo wa Arles ruwan sha ta magudanai biyu da aka gina da dutse, ɗaya ta fito daga arewacin tsaunukan, ɗaya daga kudancinsu. Da farko magudanan suna haɗuwa a wani tafki na gini, sannan ruwan ya wuce birni. A ƙarni na 2 aka sauya wannan tsari, aka bar wa birni ruwan arewa, aka karkatar da na kudu zuwa gidan niƙa. Domin haka aka gina gada ta biyu a gefen ta farko, su biyun suka ratsa wani kwari a jere, tsawon fiye da mita 300. A ƙarshen gadar aka sare dutse aka buɗa wa ruwan hanya, sai ya ɓullo a kan wani gangare mai tsananin zurfi wanda ke fuskantar fadama. A jikin wannan gangare aka kafa gidan niƙan.

Zaɓen wurin ba da ka aka yi shi ba. Ruwan kogi yakan cika ya yi ambaliya, yakan kuma janye, amma ruwan magudana ana iya ƙayyade shi, a buɗe ko a rufe. Bugu da ƙari, gangaren ya ba da tazarar kimanin mita 20 daga sama zuwa ƙasa, kuma a cikin wannan tazara ƙarfin injin yake.

3.3 Tsarin Ginin da Yadda Yake Aiki

Ginin doguwar haraba ce mai faɗin kimanin mita 20, wadda ta gangaro daga saman tudu zuwa gindinsa. Idan ruwa ya iso bakinta sai a raba shi gida biyu, rabi ya bi gefen gabas, rabi ya bi gefen yamma. A kowane gefe akwai wili takwas na katako, an jera su hawa-hawa, wani a ƙarƙashin wani. Tsayin kowane wili ya ɗan haura mita 2. A tsakiyar harabar akwai matakala da ma'aikata ke bi, ɗakunan niƙa kuma suna dama da hagunta, kowane ɗaki yana maƙwabtaka da wilinsa.

Ga yadda aikin yake gudana. Wani indararo na katako yana kawo ruwa ya zuba a saman wili. A kewayen wilin akwai aljifai na katako, waɗanda ke cika da ruwa ɗaya bayan ɗaya. Gefen da aljifansa suka cika yakan fi ɗaya gefen nauyi, sai ya rinjaya ƙasa, wilin ya juya. Kafin aljihun ya kai ƙasa ya zubar da ruwansa, wani ya riga ya cika a sama. Wato nauyin ruwan ne ke juya wilin, saɓanin irin wilin da ake tsoma gindinsa a rafi, wanda gudun ruwa ke turawa. Wannan iri na farko ya fi cin moriyar ruwa kaɗan.

Gungumen da ya ratsa tsakiyar wilin yana shiga cikin ɗakin niƙa ta jikin bango. A kansa akwai wani ƙaramin wili mai haƙora da ke tsaye, wanda haƙoransa ke sarƙe da na wani da ke kwance. Wannan haɗi shi ne ke mayar da juyin tsaye ya koma juyin kwance, kamar yadda Vitruvius ya bayyana. Daga wilin da ke kwance wata sanda ta miƙe sama, ta ratsa dutsen ƙasa, wanda ba ya motsi, ta riƙe dutsen sama tana juya shi. Ana zuba alkama a mazurari, ta riƙa sauka ta ramin da ke tsakiyar dutsen sama, gari kuma ya riƙa fita ta gefe. Duwatsun niƙan na baƙin dutse ne mai tauri irin na aman wuta, faɗin kowanne ya kusa mita ɗaya.

Hikimar ginin tana cikin jerin. Ruwan da ya juya wili na farko ba ya tafiya a banza. Yakan taru a wani ɗan tafki a ƙarƙashinsa, ya bi indararo na gaba ya zuba a kan wili na biyu, haka har zuwa na takwas. Ruwa guda yana aiki sau takwas kafin a sake shi ya malala fadama.

Masana sun saɓa a kan yawan garin da gidan ke fitarwa. Ƙiyasin da ya fi yaɗuwa, wanda Trevor Hodge ya bayyana a wata maƙala ta 1990, shi ne tan 4.5 a yini, abin da zai ciyar da mutum kimanin 12,500. Wasu sun kai ƙiyasinsu har tan 25. Dalilin wannan tazara shi ne kowane mai lissafi sai ya fara ɗaukar wani adadi na yawan ruwa, da saurin juyin dutse, da sa'o'in aiki, kuma duk waɗannan ba a rubuce aka same su ba. Ko da an ɗauki mafi ƙarancin ƙiyasin, aikin ɗaruruwan hannuwa ne ruwa ya ɗauke.

Auna Fahimta na 1

1. A kawo hanyoyin niƙa uku da suka gabaci injin ruwa.
2. Me ya sa aka gina gidan niƙan a jikin gangare?
3. A bayyana tafiyar ruwa daga bakin harabar zuwa fadama.

3.4 Karatu na Farko: Fernand Benoit

Wanda ya fara tono kufan bisa ƙa'idar bincike shi ne Fernand Benoit (1892-1969), masanin kayan tarihi na yankin. Ya yi aikin a shekarun 1937 da 1938, ya buga sakamakonsa a 1940. Shi ne ya tabbatar da cewa ginin masana'antar niƙa ce. Amma game da lokacin gina shi, Benoit ya kai shi ƙarshen zamanin daular Rum, tsakanin ƙarshen ƙarni na 3 da ƙarni na 4, lokacin da Arles ya zama ɗaya daga cikin mazaunin sarakuna. A ganinsa hukuma ce ta gina shi domin ciyar da birni da sojoji. Har ila yau ya yi hasashen wanda ya tsara shi. A maƙabartar Rumawa da ke Arles an samu akwatin gawa na dutse na wani mutum mai suna Quintus Candidius Benignus, ɗan ƙungiyar kafintocin birnin, wanda rubutun da ke jiki ya yaba da gwanintarsa a harkar na'urori da jan ruwa. Benoit ya ce mai yiwuwa shi ne. Rubutun dai bai ambaci gidan niƙa ba, don haka maganar ta tsaya a matsayin hasashe.

Lokacin da Benoit ya zaɓa ya dace da ra'ayin da ya yi rinjaye a zamaninsa. A 1935 Marc Bloch, shahararren masanin tarihi na Faransa, ya rubuta cewa ko da yake mutanen dā ne suka ƙago injin ruwa, bai yaɗu sosai ba sai a tsakiyar zamanai na Turai. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da kundin ƙidayar dukiyar Ingila na shekarar 1086, wanda aka lissafa injin niƙa fiye da 5,600 a cikinsa. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne Rumawa ba su damu da na'ura ba saboda suna da bayi a wadace, sai da bayi suka yi ƙaranci a ƙarshen daular sannan suka waiwayi ruwa. Idan Barbegal na ƙarni na 4 ne, to ya zama ƙarin shaida ga wannan bayani.

3.5 Karatu na Biyu: Philippe Leveau

Tun a 1984 wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Örjan Wikander ya tattara shaidun da ke nuna cewa injin ruwa ya yaɗu a daular Rum fiye da yadda ake zato. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, Philippe Leveau na jami'ar Aix ya jagoranci sabon tono a Barbegal da gadojin ruwansa. Ya bi ƙasar falle-falle yana lura da abin da ke ƙarƙashin wani, ya kuma nazarci tsingaro da sauran tarkacen da ke cikin kowane falle. Sakamakon ya nuna cewa an gina gidan niƙan ne a farkon ƙarni na 2, wajen shekara ta 120 zuwa 130, wato kusan shekara 200 kafin lokacin da aka ɗauka da fari.

Wannan gyara na kwanan wata ya girgiza tsohon bayani. Farkon ƙarni na 2, zamanin sarakuna Trajan (98-117) da Hadrian (117-138), shi ne lokacin da daular Rum ke kan ganiyarta. Ashe Rumawa sun zuba jari a na'ura tun suna da ƙarfi da wadata. An kuma samu wasu shaidu a sassan daular, kamar injinan ruwa na Chemtou da Testour a Tunisiya, da hoton injin yanka dutse da aka sassaƙa a jikin wani akwatin gawa a Hierapolis ta ƙasar Turkiyya. Leveau ya kuma kawo yiwuwar cewa gidan niƙan ba na hukuma ba ne, na wani attajiri ne mai babban gidan gona da aka gano kufansa a kusa. Duk da haka, ra'ayin cewa mutanen Arles ne ke cin garin ya ci gaba da zama karɓaɓɓe.

3.6 Karatu na Uku: Shaidar Ɓawon Farar Ƙasa

Wanda ya taɓa leƙa cikin tsohuwar butar dafa ruwa ya san farin ɓawon da kan kwanta a jikinta. Ruwan da ya fito daga dutsen farar ƙasa yana ɗauke da narkakken sinadarinta, kuma duk inda ya daɗe yana gudana sai ya bar irin wannan ɓawo. Haka ya faru a Barbegal. Shekara da shekaru ɓawon yana kwanciya a jikin katakon indararo da na wili. Da katakon ya ruɓe, sai ɓawon ya saura, ɗauke da siffar katakon a jikinsa kamar yadda tubali ke ɗaukar siffar abin da aka buga shi a ciki.

Benoit ya tsince waɗannan gutsattsari bai zubar ba, aka ajiye su a gidan adana kayan tarihi na Arles, suka yi kusan shekara 80 ba wanda ya san abin da za su faɗa. Daga baya wata ƙungiyar masana, cikinsu har da Gül Sürmelihindi da Cees Passchier na jami'ar Mainz ta Jamus, tare da Leveau, suka ɗauko su suka nazarta. Sun buga sakamakon farko a 2018.

Dabarar da suka bi ita ce: ƙwayar oksijin da ke cikin ɓawon akwai mai nauyi da marar nauyi, kuma gwargwadon kowacce yana sauyawa bisa ɗumin ruwan a lokacin da ɓawon ya kwanta. Idan aka auna ɓawon falle bayan falle, ana iya karanta hunturu da bazara kamar yadda ake ƙirga shekarun itace daga zobban kututturensa. Da injinan suna aiki ba fashi, da an ga yanayin shekara a cike. Abin da aka gani kuwa shi ne giɓi mai maimaita kansa: kowace shekara ruwa kan daina bin indararon na wasu watanni, daga ƙarshen lokacin zafi zuwa kaka.

Daga nan masanan suka yi tambaya. Mutanen birni suna cin burodi kullum, gari kuma ba ya jure dogon ajiya kamar ƙwaya. Masana'antar da ke ciyar da birni ba za ta rufe wata da watanni ba. Wane mai saye ne bukatarsa ke tsayawa a wani yanki na shekara? Amsar da suka bayar ita ce jiragen ruwa. A zamanin Rumawa zirga-zirgar manyan jirage a Bahar Rum takan tsaya da hunturu saboda haɗarin guguwa. Guzurin matuƙa kuwa wani busasshen burodi ne da ake gasawa har ya ƙame, wanda ke yin watanni bai lalace ba. Saboda haka suka ce garin Barbegal, galibinsa, na yin wannan guzuri ne ga tasoshin Arles da Fos, kuma ana dakatar da niƙa idan lokacin tafiye-tafiye ya doshi ƙarewa.

Ya kamata ɗalibi ya lura da matakan wannan magana. Giɓin da ke cikin ɓawon abu ne da aka auna. Danganta shi da jiragen ruwa fassara ce da aka ɗora a kan awon, mai ƙarfi ƙwarai, amma tana nan a buɗe ga wanda zai zo da hujjar da ta fi ta.

Ɓawon bai tsaya nan ba. A 2020 masanan suka nuna cewa wani indararon yana da lanƙwasa kamar gwiwar hannu, siffar da ba a san irinta a wani injin ruwa ba. Sun bayyana cewa an yi ta ne domin ruwan da ke fitowa daga ɗan tafki ya samu saurin da zai faɗa cikin aljifan wili daidai. Binciken ya kuma nuna cewa katakon ba ya daɗewa, ana sauya wili da indararo cikin 'yan shekaru, da wuya su wuce takwas. Ke nan bayan masu niƙa, akwai kafintoci da aikinsu bai yankewa a wurin.

3.7 Durƙushewar Gidan Niƙan

Barbegal ya yi aiki kimanin ƙarni guda, aka daina niƙa a cikinsa a ƙarni na 3. Nazarin da aka buga a 2024 ya nuna cewa ba rana ɗaya ya mutu ba. Jerin yamma ne ya fara tsayawa, na gabas ya ci gaba na wani lokaci, daga bisani aka cire wasu sassa aka yi wani amfanin da su. Irin wannan masana'anta tana rayuwa ne muddin abubuwa uku suna tafiya tare: magudanar da ake gyarawa, alkamar da ake kawowa, da mai sayen gari. Idan ɗaya ya yanke, sauran ba sa tsayar da ita.

A yau bangayen ɗakunan niƙa da ragowar gadojin suna nan a fili, masu yawon buɗe ido na ziyartar su. A gidan adana kayan tarihi na Arles kuma akwai ƙaramin samfurin ginin da ke nuna yadda yake a lokacin da yake aiki.

Auna Fahimta na 2

1. A wane ƙarni Benoit ya sa ginin, kuma me ya sa wannan ya dace da ra'ayin zamaninsa?
2. Yaya ɓawon farar ƙasa ya nuna cewa ana dakatar da aiki?
3. A kawo magana ɗaya tabbatacciya da ɗaya ta hasashe daga sashe na 3.4.

3.8 Amfanin Darasin ga Malamin Hausa

Na farko, ƙa'idar koyarwa ita ce a tashi daga abin da yaro ya sani zuwa wanda bai sani ba. Yaron da bai taɓa ganin wilin ruwa ba ya san dutsen niƙa, ya san indararo, ya san layin da ake yi a gidan mai injin niƙa na unguwa. Daga waɗannan malami zai ɗora bayaninsa. Zai kuma iya jawo hankalin 'yan aji ga abin da sauyin na'ura ke yi wa adabi, domin a inda injin dizal ko na lantarki ya karɓi niƙa, waƙar niƙa takan rasa muhallin da ake rera ta.

Na biyu, darasin misali ne na yadda Hausa ke ɗaukar bayanin fasaha. An bi hanyoyi uku wajen samar da kalmomi: faɗaɗa ma'anar kalmar gida, kamar indararo, mazurari, aljihu da haƙora, aro tare da hausantarwa, kamar inji, wili, mita da tan, da kuma siffantawa, kamar ɓawon farar ƙasa da gadar ruwa. Ana so malami ya fara neman kalmar gida kafin ya miƙa hannu ga aro.

Na uku, harshe yana da kalmomin da ke nuna matsayin magana. "An auna", "an tono" da "ya tabbata" suna nuna hujja. "Mai yiwuwa", "a ganinsa" da "an ƙiyasta" suna nuna hasashe. Malamin da ya share wannan bambanci, ya ba yara ƙiyasi a matsayin gaskiyar da ba ta motsi, ya koya musu haddar abin da gobe za a iya gyarawa, bai koya musu yadda ake gyaran ba.

4.0 Kammalawa

Tarihin Barbegal tarihi ne na yadda aka ɗora wa ruwa aikin da ya daɗe a wuyan mata da bayi da dabbobi. Har ila yau tarihi ne na masana uku da ayyukansu suka ɗoru a kan juna. Benoit ya yi kuskuren ƙarni, amma gutsattsarin da ya adana su ne suka ba na bayansa damar gano abin da shi bai gano ba. Leveau ya gyara Benoit, sannan ya sa hannu a binciken da ya sake duba tsohon ra'ayin da aka daɗe a kai game da masu cin garin.

5.0 Taƙaitawa

A wannan darasi an ga cewa Rumawa sun gina gidan niƙa na Barbegal kusa da Arles a farkon ƙarni na 2, da wili 16 a jeri biyu, kuma ya yi aiki zuwa ƙarni na 3. An bayyana yadda nauyin ruwa ke juya wili, wili ya juya dutse. An kawo matakan bincike uku: tonon Benoit na 1937 zuwa 1938, da gyaran kwanan wata na Leveau, da nazarin ɓawon farar ƙasa daga 2018. Daga ƙarshe an nuna amfanin darasin wajen koyar da kalmomin fannu da tantance hujja.

6.0 Jinga

1. A rubuta bayani mai shafi biyu a kan yadda injin niƙa na ruwa yake aiki, ba tare da amfani da kalmar da ba a hausantar ba.
2. A tattauna yadda sauya kwanan watan ginin Barbegal ya shafi ra'ayin masana game da bauta da na'ura a daular Rum.
3. A zanta da wata dattijuwa a kan yadda ake niƙa kafin zuwan inji a garinsu, a rubuta abin da ta gani da idonta daban, abin da aka ba ta labari daban.
4. A tsara darasin minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a kan sashe na 3.3, tare da zanen da za a yi a allo.